Damo a Hanyar Badagishiri

Shekara uku ina ƙera ta a bayan gidanmu a Tawa,
inji daga gawar Fijo, kujeru daga rumfar biki,
ƙashin bayanta bututun famfon da ya ƙafe.
Ranar da ta leƙo ƙofa yara suka sa mata Damo,
don tsakanin cikinta da ƙasa yatsa biyar ne,
in ta ga tudun titi da ƙirji take gaishe shi.

Ran Lahadi na je rumfar Alkasum mai ƙarafa.
Mutanen Kwanni jak suke cewa, mu nan kirik.
Ya jera mini uku a kan buhun siminti.
Ga mai kwalba, mashayin mai, ko tirela yana ɗagawa,
sai dai ya fi ƙofar da zai shiga tsawo.
Ga mai ƙafafu, shimfiɗaɗɗe kamar kada, jika arba'in,
in ya hau motar, ni sai in bi ta da ƙafa.
Na ukun mai almakashi ne, duk tsatsa,
ya naɗe jiki kamar baƙon da bai ga tabarma ba.
Na durƙusa na tura shi, ya shige lafiya lau.
Jika shida. Muka tafa.

Tayar ajiya ba ta da ɗaki a jikin Damo,
na ɗaure ta a kujerar gefe da igiyar guga.
Zalika ta dube ni ta ce, to madalla,
ka gina mota don ka riƙa kai roba shan iska.

Bayan azahar, Badagishiri saura kaɗan,
ƙafar baya ta yi ajiyar zuciya, doguwa.
Ƙusa ce, irin ta akwatin albasa, ta shige har kai.
Na sassauta goro huɗu tun tana ƙasa,
na danne ƙafar gaba da dutse,
Adar dai ba ta rowar dutse.
Na ɗauko mai almakashi da murmushina.
Ya ƙi shiga.

Ashe da cikakkiyar taya na yi awo a kasuwa.
Iska ta fita, Damo ta zauna,
yatsa biyar sun koma uku.
Na juya shi, na kwantar da shi, na zage shi.
Kwalta tana dafa gwiwata.

Sai ga amalanken jaki, wata tsohuwa a kai,
Gwamma sunanta, daga garkar albasa take.
Ta daɗe tana kallo, tana tauna asuwaki.
Ta ce, ɗana, in tukunya ta zauna a kan murhu
itace ya ƙi shiga, ba tukunyar ake faɗa da ita ba,
toka ake kwashewa.
Ta miƙo mini kwashe.

Muka tura Damo gefe inda ƙasa ke da laushi,
na tona rami taki ɗaya ƙarƙashin haƙarƙarinta,
ta zare katako daga amalanke na shimfiɗa a ciki
don kar yashi ya haɗiye ƙafar kirik.
Ya shiga. Na murɗa, yana kuka, ina murɗawa,
har hasken yamma ya ratsa ƙarƙashin taya.
Ban sa hannu a ƙasanta ba
sai da na tura tayar ajiya ta tokare.

Na ce nawa ne katakon, ta ce albasa uku za ka saya.
Na sayi tiya biyu.

Yanzu bayan kujera akwai katako mai gangare,
in iska ta fita sai in hau shi da ƙafar da ta mutu,
ciki ya ɗagu, kirik ya sami ƙofa.
Kwashen kuwa ban mayar ba tukuna.
Mai faci ya ciro ƙusar ya ba ni,
na rataye ta a madubi, tana kaɗawa.
Dawowa kujerar gefe faciyar taya ce da albasa,
Zalika tana ƙofar gida, hannu a ƙugu.